Da me ake gane 'yar Batak ta isa aure?

Hajiya Rabi
Assalamu alaikum 'yan uwa. Maganar da nake so mu zauna a kanta yau ta 'yan matan Batak ce, mutanen lardin Sumatara ta Arewa a Indonisiya, waɗanda tushensu yake kewayen tafkin Toba da tsibirin Samosir. A ƙidayar 2010 sun haura miliyan 8, su ne ƙabila ta uku a yawa bayan Jawa da Sunda. Abin da nake tambaya shi ne, da me ake gane budurwarsu ta isa aure? Ba girman jiki nake nufi ba, cikar hankali da mallakar zuciya nake nufi. Doka ta yanke nata: tun gyaran da aka yi a 2019, mace da namiji sai sun kai shekara 19. Hukumar tsarin iyali ta ƙasar, BKKBN, shawararta mace ta kai 21, namiji 25. Amma shekaru ba sa nuna ko yarinya za ta iya zama da dangin miji, kuma a wajen Batak dangin nan su ne auren.

Malam Bala
Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin a auna hankalin yarinyar sai an san gidan da za ta shiga. Kowane ɗan Batak yana da marga, sunan zuriya da ake gado ta wajen uba: Simanjuntak, Situmorang, Nainggolan, Panjaitan da sauransu. Mace tana riƙe da na ubanta har ta koma ga Allah, ana ce mata boru wane, misali boru Panjaitan, amma 'ya'yan da za ta haifa na margar mijinta ne. Ba a aure a cikin marga ɗaya komai nisan dangantaka.

Tsarin zamansu suna ce masa Dalihan Na Tolu, wato murhu mai duwatsu uku, irin wanda ake ɗora tukunya a kai a gidajenmu. Dutse ɗaya hula-hula, dangin da suka ba ka mata. Na biyu dongan tubu, 'yan margarka. Na uku boru, waɗanda suka auri 'ya'yanku mata. Ƙa'idar tana bakin kowa: somba marhula-hula, manat mardongan tubu, elek marboru. Ka girmama masu ba ka mata, ka yi taka-tsantsan da 'yan uwanka na jini, ka lallashi ɓangaren 'ya'ya mata.

Ranar da yarinya ta yi aure matsayinta ya rabu biyu. A taron gidan ubanta, ita da mijinta boru ne, su ne parhobas, masu hidima: girki, rabon abinci, wanke-wanke, kwashe kujeru. Shi ya sa ranar biki iyayen amarya suke miƙa wa ango mandar hela, zanen ɗaurawa, alamar ya ɗaura ɗamarar aiki ke nan. A taron margar mijinta kuwa tana cikin paniaran, matan gidan. Wadda ba a fahimtar da ita wannan juyin ba, za ta ga ana biki a tsakar gidan da aka haife ta, matan 'yan uwanta maza suna zaune, ita tana gindin murhu. Sai ta ɗauka iyayenta sun yar da ita. Da yawa daga nan ɓacin rai yake farawa.

Yahuza
Malam, a gafarce ni, wannan na ɓangaren Batak da ake kira Toba ka kawo. Akwai Karo, Simalungun, Pakpak, Angkola da Mandailing, har ma wasu daga cikin Karo da Mandailing ba sa son a kira su Batak. Duwatsun uku suna nan a duka, sunan ne ya bambanta. Mandailing suna cewa mora, kahanggi, anak boru. Karo suna cewa kalimbubu, senina, anak beru. Addini ma ba ɗaya ba: Toba galibi Kirista ne, babbar majami'arsu HKBP mai hedikwata a Pearaja, Tarutung. Mandailing kuwa, su Nasution da Lubis, Musulmi ne. Yarinyar garin Panyabungan na Mandailing da ta garin Balige na Toba ba hanya ɗaya suke bi zuwa ɗakin miji ba.

Malam Bala
Gaskiyarka Yahuza. Duk inda ban faɗi ɓangare ba, Toba nake nufi.

Anti Lami
Ni a ganina ba sai an wahalar da maganar ba. Cikar hankalin mace haƙuri ne, a Sumatara ko a ina. Su kansu suna kiran 'yarsu boru ni raja, 'yar sarki, ma'ana mai kamun kai wadda ba ta zubar da mutuncin gidansu. Matar aure kuma suna ce mata parsonduk bolon, mai babban ludayi, ita ke ciyar da gida. Ku dubi matan nan da ke tashi tun asuba su tafi onan, kasuwarsu, su kasa kayan miya, da wannan cinikin su kai 'ya'ya jami'a a Medan da Jakarta. Yarinyar da ta iya haɗiye magana, ta iya tashi da wuri, ta san girman surukai, ta isa aure ko da shekararta 19.

Dakta Zulai
Anti, ina girmama maganarki, amma a nan ne nake jin tsoro. Haɗiye magana da mallakar zuciya abu biyu ne. Mai haɗiyewa tana tarawa ne, wata rana ya fito ta rashin barci, ko ciwon kai da ba ya jin magani, ko ta fashe a gaban jama'a kan abin da bai kai ya kawo ba. Mai mallakar zuciya tana jin fushin sarai, ta san sunansa, ta san abin da ya jawo shi, sannan ta zaɓi lokaci da wurin da za ta faɗa.

Kuma kada a auna da ƙarar murya. An san Toba da ɗaga murya da faɗar magana ba kwana-kwana, har mutanen Jawa sukan zaci faɗa ake yi alhali hira ce. Yarinya tana iya zama mai murya kuma natsattsiya, wata kuma shiru-shiru amma gaba ce da ita ta mako biyu.

Abin da za a duba shi ne yadda take rigima, don rigima dole ce. In saurayin ya saɓa alkawari, cewa take "ka ce ƙarfe huɗu, ka zo ƙarfe shida, ban ji daɗi ba", ko kuwa "dama ku gidanku haka kuke"? Ta farko ta kama laifin, ta biyu ta kama zuriya, kuma a inda marga take da nauyi irin haka, zagin zuriya ba ya wankuwa da sauƙi. John Gottman, masanin Amurka da ya daɗe yana nazarin ma'aurata, ya ware halaye huɗu masu rusa aure: sukar halin mutum maimakon aikinsa, raini, kare kai a kowace magana, da yin gum a ƙi amsawa. Raini ya fi sauran muni. Ya kuma nuna cewa in bugun zuciya ya haura 100 a minti lokacin gardama, mutum ba ya jin abin da ake faɗa masa, sai an tsaya aƙalla minti 20 jiki ya sauka. Wadda ta iya cewa "bari in sha iska, za mu ƙarasa bayan cin abinci", kuma ta dawo ta ƙarasa ɗin, ta fi mai haɗiyewa shiri.

Game da shekaru kuma, sashen gaban ƙwaƙwalwa mai auna sakamako da danne gaggawa ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Ba cewa nake kowa ta jira 25 ba. Cewa nake ta 19 tana buƙatar wanda zai tsaya mata fiye da ta 26.

Anti Lami
To Dakta, da surukar fa? Ita ma za ta ce mata "ban ji daɗi ba"?

Dakta Zulai
Ba kai tsaye ba, Anti. Nan ne haƙurin da kike faɗa yake da muhalli. Parumaen, wato matar ɗa, ba ta ja-in-ja da simatua, wato surukai, a gaban mutane. Hanyar ita ce ta miji. Shi ya sa tambayar da ta fi kowace muhimmanci kafin aure ba a kan yarinyar take ba: shin saurayin zai iya zama da mahaifiyarsa ya ce "Inang, mun yanke shawara kaza" cikin ladabi, ko ko duk abin da aka faɗa masa a ɗaki da safe yana kunnen gida? Cikar hankalinta ya haɗa da ta gwada wannan tun ana neman aure, a kan ƙaramin abu, kamar inda za su yi bikin sabuwar shekara.

Malama Saratu
Bari in kawo matakan auren a wajen Toba Kirista, domin kowane mataki jarrabawa ce ga yarinyar, kuma mai lura zai gane shirinta tun kafin ranar.

Ana farawa da marhusip, ma'anarsa raɗa. Wakilai kaɗan daga gidajen biyu su zauna a rufe su daidaita kan kuɗi da tsarin biki. Sai marhata sinamot, inda ake bayyana abin da aka daidaita a gaban dangi: nawa ne sinamot, wato kuɗin aure da gidan ango ke bayarwa, wane gida ne zai ɗauki biki, katin gayyata nawa kowane ɓangare zai samu, ulos (mayafin saƙa na gargajiya) nawa za a yafa. In a gidan amarya za a yi biki ango ya zo ya ɗauke ta, dialap jual ke nan. In a gidan ango ne a kai masa ita, taruhon jual. Bayan nan martumpol: su biyun su sa hannu a gaban dattawan coci cewa babu wani alkawari da ke kan ɗayansu. Galibi saura kamar mako biyu ake yinsa, domin sai an yi tingting, sanarwa a coci, Lahadi biyu a jere, ko akwai mai ƙorafi. Kuma sai wanda aka yi wa baftisma ya yi malua, tabbatar da bangaskiya, ake ɗaura masa aure. Kowane gida ya yi taron rabon aiki, martonggo raja ko marria raja. Ranar biki da sassafe marsibuha-buhai, dangin ango su zo da nama, dangin amarya su fito da dengke, kifin da aka dafa da kayan yaji. Daga nan coci don albarka, sai zauren biki don ulaon unjuk, inda ake rabon jambar, kason nama na kowane dangi, a yi jawabai, a yafa ulos, a zuba wa ma'auratan shinkafa a ka.

A da, bayan kwanaki ake paulak une, ma'aurata su ziyarci iyayen amarya, sannan maningkir tangga, iyayen su zo su ga inda 'yarsu take zaune. Yanzu a birane ana haɗa su duka a zauren biki da yamma, ulaon sadari. An rage kuɗi da wahala, amma an yi asarar abu mai amfani: zuwan uwa da idonta ta ga ɗakin 'yarta bayan hayaniya ta lafa. Iyaye masu lura suna yin wannan ziyarar ko da an riga an cika ta a zaure.

Inda abu ya fi lalacewa shi ne tsakanin marhusip da martumpol. A nan ne yarinya take jin an taya ta, an rage, an ƙara. In tana da shakka kan auren, kafin martumpol ya kamata ta faɗa. Bayan an karanta suna a coci, fasawa ta zama abin kunyar gidaje biyu, sai ta shiga da shakkarta.

Yahuza
Malama, sinamot ɗin nan shi ne abin da samari suke kuka da shi. Ba sayen mace ba ne?

Malam Bala
Ba hannun amarya yake zuwa ba, kuma ba aljihun uba yake zama ba. Iyaye ne ke karɓa, daga ciki a sayi ulos, a yi kifi, a yi kayan amarya, in dialap jual ne a ɗauki nauyin abinci da zaure. Akwai kuma kason dangi: ɗan uwan uba, ɗan uwan amarya, kawunta. Har kawun ango yana da nasa, tintin marangkup, wanda gidajen biyu suke haɗawa su ba shi don ya karɓi amaryar kamar 'yarsa. Sau da yawa iyayen amarya sai sun cika daga nasu. Ba shi da ƙayyadadden adadi, yana hawa da karatun yarinya, aikinta, da garin da za a yi biki.

Matsala biyu ke fitowa. Ta farko, yarinya ta ɗauki adadin a matsayin kimarta, ta ji na ƙawarta ya fi nata, ta shiga gidan da ƙullin an raina ta. Ta biyu ta fi yawa a birni: su biyun suna aiki, sai su haɗa kuɗin a ɓoye ko su ci bashi don a fita kunya, a tashi da safe bayan biki da bashin da zai ci shekaru. Wadda hankalinta ya cika takan zauna da saurayin da takarda da biro kafin marhusip: nawa muke da shi, nawa iyaye za su iya, me za a rage. Akwai hanyoyin ragewa da al'ada ta yarda da su. Misali ba kowane dangi ne sai an yafa masa ulos na saƙa ba, wasu ana ba su kuɗi a ambulan, ana ce masa ulos na tinonun sadari, ulos da aka saƙa a yini ɗaya. Bayan haka ta je wa mahaifinta da maganar da kanta, cikin ladabi, kafin wakilai su zauna. In ta bar shi ya ji a bakin baƙi, zai ƙi don kare girmansa.

Hajiya Rabi
Wannan zuwa wajen uba da magana shi ne ma'aunin da nake nema. Wadda ba ta iya gaya wa mahaifinta abin da take so ba, yaya za ta yi da dangin miji?

Barista Nura
Hajiya, in ta kasa, abin da yake biyo baya shi ne mangalua, guduwa da saurayi. Mandailing suna cewa marlojong, Karo nangkih. Al'ada ta san da shi, har tana da hanyar gyara: a aika wa iyaye labari da wuri, daga baya a je neman gafara, manuruk-nuruk, in hali ya samu a biya al'ada, ko da an haifi 'ya'ya. Amma kafin a biya, ma'auratan ba su da cikakken wurin zama a taron dangi, kuma ba a yi wa 'ya'yansu auren al'ada sai an cika na iyaye. Bashi ne da ke jira shekara ashirin ko talatin. Mai shekara 20 da soyayya ta rufe wa ido ba ta hango wannan.

Ga abin da doka ta tanada, kuma kowace budurwa ya kamata ta sani kafin ta sa hannu. Dokar aure mai lamba 1 ta 1974 ta sa wa mace 16, namiji 19. Doka mai lamba 16 ta 2019 ta mai da duka 19. Ƙasa da haka sai da izinin kotu. Ƙasa da 21 kuma sai da yardar iyaye. Albarkar coci da bikin al'ada ba su wadatar ba: wanda ba Musulmi ba sai ya yi rajista a ofishin rajistar jama'a, Dukcapil, cikin kwana 60. Musulmi a ofishin harkokin addini, KUA, ake rubuta nasu. Wadda aka yi wa biki na dubban mutane amma babu takardar gwamnati, ranar da rigimar dukiya ko ta 'ya'ya ta tashi za ta sha wuya a kotu.

Dukiyar da aka samu cikin aure ta su biyu ce, wadda kowa ya zo da ita ko ya gada tasa ce. Ana iya rubuta yarjejeniya ta raba dukiya, kuma tun hukuncin Kotun Tsarin Mulki na 2016 ana iya yinta ko bayan an yi aure. Gado kuma, a al'adar Toba 'ya'ya maza ke gadon ƙasa, mace sai kyautar da uba ya ga dama, kamar pauseang, gonar da ake ba ta lokacin aure. Amma tun 1961 Kotun Ƙoli ta yanke a wata shari'a ta ƙasar Karo cewa 'ya mace tana da haƙƙin gado daidai da namiji. Matan da yawa ba sa nema, don kai ɗan uwanka kotu yana nufin ka rasa hula-hula, wato ka rasa masu yafa maka ulos da masu tsaya maka ranar mutuwa.

Anti Lami
Ka ga ni ba, Barista? Ko doka ta ba ta, zumunci ya fi.

Barista Nura
Ta zaɓi zumunci da saninta, Anti, ban ƙi ba. Abin da na ƙi shi ne ta bari don ba ta san tana da shi ba. Haka ma duka. Doka mai lamba 23 ta 2004 ta haramta cin zarafi a cikin gida: na jiki, na zuciya, na kwanciya, da yin watsi da iyali. Saki yana da wuya ƙwarai a wajen Toba Kirista, coci tana riƙe da cewa mutuwa ce kaɗai ke rabawa, 'ya'ya kuma na margar uba ne. Tunda ƙofar fita ƙarama ce, dole a buɗe ido a ƙofar shiga. Saurayin da ya ɗaga hannu sau ɗaya lokacin neman aure, ko yake bincikar wayarta, ko yake raba ta da ƙawaye, ulos ba zai canza shi ba.

Yahuza
Na Musulmin Mandailing akwai abu biyu da zan ƙara. Sadaki haƙƙin amarya ne a shari'a, ana rubuta shi a littafin aure na KUA. Kuɗin al'ada kuma, tuor, ana daidaita shi tsakanin dangi. A fayyace tun farko wanne ne wanne, don kada a zo rabuwa a ce ta mayar da abin da ba ta taɓa riƙewa ba. Na biyu, a littafin auren akwai sighat taklik, alkawarin da ango yake karantawa bayan ɗaurin aure: in ya tafi ya bar ta shekara 2 a jere, ko ya hana ta ciyarwa wata 3, ko ya cutar da jikinta, ko ya yi ko-in-kula da ita wata 6, tana iya kai ƙara kotun addini a raba auren. Ba dole ne a karanta ba, don haka ita ce za ta nema. Ma'aikatar addini tana kuma shirya bitar masu shirin aure, kada a ɗauke ta a matsayin cika takarda kawai.

Auren marga ɗaya kuma, Musulunci bai hana ba in babu muharramaka, al'ada ce ta hana. Ana yi a wasu wurare, amma yarinyar ta san za ta sha magana.

Hajiya Rabi
Har yanzu ba mu taɓo abin da ya fi matsa wa 'yan matan ba. Me ya sa wadda ta yi digiri, tana aiki a Batam ko Jakarta, in ta kai 28 sai gida ya hana ta sakat?

Malam Bala
Amsar tana wajen mutuwa, Hajiya, ba wajen biki ba. Toba suna da darajojin mutuwa. Wanda ya rasu duk 'ya'yansa sun yi aure ya ga jikoki, saur matua ke nan, ana yi masa jana'iza da kiɗa da rawar tortor, don ya gama aikinsa. Wanda ya ga jikoki amma akwai ɗa ko 'ya da ba ta yi aure ba, sari matua, darajar ba ta kai ta farko ba. To ki duba yarinyar da ta rage ita kaɗai, mahaifinta ya tsufa yana ciwo. Ba sai an ce mata komai ba, ta san ita ce tsakaninsa da saur matua. Ga burinsu guda uku da kowa ya haddace: hamoraon, hagabeon, hasangapon, wato arziki, zuriya, daraja.

A nan ake auren gaggawa. A nan kuma ake tuno da pariban, ɗan gwaggo. A al'ada auren da aka fi so shi ne namiji ya auri 'yar kawunsa, ɗan uwan mahaifiyarsa. Karo suna cewa impal. Ya yi kama da auren zumuncinmu, sai dai mu 'ya'yan wa da ƙani maza suna aure, su kuwa haramun ne don marga ɗaya ce. Namiji ya auri 'yar gwaggonsa ma an hana. Yau ba a cika tilasta pariban ba, amma in lokaci ya ƙure sunansa yana fitowa.

Dakta Zulai
Wannan ita ce jarrabawa mafi wuya, kuma babu mai zargin yarinyar da ta ji nauyin. Tambayar da za ta yi wa kanta ɗaya ce: da Baba yana da lafiya, da zan auri mutumin nan? In amsar a'a ce, to ba aure take shirin yi ba, jana'iza take shiryawa, kuma ita za ta zauna da mijin shekara arba'in bayan an gama kiɗan.

Sai maganar ɗa namiji. Cikin addu'o'in biki na gargajiya akwai mai cewa a haifi maza 17 da mata 16. Ba wanda yake nufin adadin yanzu, amma namiji ko ɗaya ana jiransa, don shi ke ci gaba da marga a tarombo, jerin zuriya. Sunan mace ma yana komawa na ɗan fari, a ce Nai wane, kamar yadda muke cewa Maman wane. Kafin aure su biyun su yi maganar a fili: in mata kaɗai Allah ya ba mu fa? In haihuwar ta yi jinkiri fa? Su san cewa jinsin jariri daga maniyyin namiji yake, ba daga mace ba. In shekara ɗaya ta wuce babu ciki, su biyun za su je asibiti, ba ita kaɗai ba. In ta haura 35, wata 6 ya isa a je. Kuma shi ne zai gaya wa danginsa su daina tambayarta.

Gwajin lafiya kuma a yi shi wata 3 kafin biki, kamar yadda hukumomin lafiyar ƙasar suke shawarta. A duba jini, in ma'aunin haemoglobin ya gaza 12 akwai ƙarancin jini, a fara maganin ƙarin jini. A auna kaurin damtse, in bai kai santimita 23.5 ba jikin yana buƙatar gini kafin ciki. A yi allurar tetanus. Wata ukun don a samu lokacin gyarawa ne.

Anti Lami
Na karɓi maganar wata uku da ta asibiti. Amma ina nan kan bakata cewa wadda ba ta da haƙuri ba za ta iya da taron Batak ba. Biki ɗaya daga safe har dare, dangi layi-layi suna yafa ulos, kowa da jawabinsa, jama'a suna amsawa "emma tutu". Bayan aure kuma kusan kowane ƙarshen mako akwai gayyata, ga taron ƙungiyar marga wata-wata, nata da na miji da na iyayensu mata.

Malama Saratu
Wannan gaskiya ne Anti, kuma kuɗi ne da lokaci. Kowace gayyata akwai abin da za a kai gwargwadon matsayi: in kuna ɓangaren hula-hula, ulos da shinkafa a tandok, jakar saƙa da mata ke ɗorawa a ka. In kuna ɓangaren ango, tumpak, gudummawar kuɗi. Ma'aurata masu dabara suna ware kason al'ada a albashi kamar kuɗin haya, su kuma yarda tun farko wace gayyata ce dole su biyu, wacce mutum ɗaya ya isa, wacce za a aika saƙo.

Abu na ƙarshe da za ta tambaya kafin marhusip: shi na nawa ne a gidansu? Ɗan fari, siangkangan, shi ne madadin uba, matarsa za ta ɗauki ƙannen miji da karatunsu. Auta, siampudan, shi ake bar wa gidan iyaye a al'ada, ma'ana tana iya zama da surukai har ƙarshen rayuwarsu. Na tsakiya su suka fi saurin manjae, ware tukunya su kafa nasu gidan. In shi kaɗai ne namiji, nauyin ɗan fari da na auta duk suna kanta, har da jiran jika namiji.

Yahuza
Malama, in ba ɗan Batak ba ne saurayin fa? A Jakarta wannan ya yi yawa.

Malama Saratu
Sai a yi mangain, a shigar da shi marga. Namiji baƙo ana ba shi margar amangboru na yarinyar, mijin gwaggonta, don ya zama kamar pariban ɗinta. Mace baƙuwa kuma ana ba ta margar mahaifiyar ango. Gidan da ya karɓe shi ya zama iyayensa a al'ada, su za su zauna a marhata sinamot a madadinsa, kuma daga ranar duk bikinsu da mutuwarsu yana da aiki a ciki. Yarinyar ce za ta zaunar da shi ta bayyana masa wannan kafin a je wajen gwaggo, ta koya masa wa zai kira tulang (kawu), wa zai kira lae (ɗan uwan matarsa), da wanda ba a zama kusa da shi a yi raha, kamar matar ɗan uwan matarsa. In gwaggon nata sun fi ɗaya, galibi babbar ake fara tuntuɓa, kuma mahaifinta ne zai je da maganar, ba ita ba.